Garin Fankek da Waful Mai Ƙarancin Furotin: Yadda Nake Haɗa wa Baba Tun da Ƙodarsa Ta Raunana

Ranar da muka dawo daga asibiti da takardar abincin Baba, a tsakar gida na zauna na karanta ta sau uku. Ƙosai an soke, alale an soke, ƙwai sai da ƙirge, madara an rage, nama kuma ɗan yankan da bai wuce akwatin ashana biyu ba. Mu mutanen Gashuwa ne ko da yake a Kano muke zaune, kuma duk wanda ya fito daga wancan yanki ya san ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a gidajenmu. Amma jin labari daban, a ce yau ke ce za ki ɗora tukunyar daban.

Karin kumallo ne ya fi ba ni wahala. Baba ya shekara fiye da arba'in bai san komai da safe ba sai koko da ƙosai, ko shayi mai kauri da burodi da ƙwai. Ni kuwa tsoro ya sa na dinga janye masa abinci ɗaya bayan ɗaya, har ya zama abin da ke kan tirensa bai isa yaron goye ba. Ba ya ƙorafi. Sai dai ya ture kwanon ya ce, "Na ƙoshi, Allah Ya yi miki albarka." Cikin wata biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da muka koma, jami'ar abinci ta asibitin ta ɗora shi a sikeli, ta dube ni ta ce furotin, wato sinadarin gina jiki, ta ce in rage, ba ta ce in rage abinci ba. Ta bayyana mini cewa idan jiki bai samu abin da zai ƙona ba, tsokarsa yake komawa yana ci, dattin da muke gudu kuma ya ƙara taruwa a jini. Wannan magana ce ta kai ni ga garin da zan koya miki haɗawa.

Bari in fara da lissafin, domin sai da shi za ki gane amfanin abin. Duk furotin da mutum ya ci, jiki yana amfani da wanda yake buƙata, ragowar ya zama wani datti da ake kira yuriya, wanda ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. Ƙodar Baba tana mataki na huɗu, wato ƙarfin tacewarta yana tsakanin 15 da 29 a gwajin da suke yi, kuma bai fara wankin ƙoda ba. An yanka masa giram 0.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Kilo 60 yake, don haka giram 36 ke nan a yini guda. A lokaci guda kuma ana so ya samu kalori, wato awon kuzarin da abinci ke bayarwa, wajen 1,800. Yanzu dubi fankek ɗin da aka saba yi, wato wainar fulawa mai faɗi da ake soyawa a kasko: kofi ɗaya na fulawa yana da furotin wajen giram 13, ƙwai ɗaya giram 6, kofin madara giram 8. Giram 27 ke nan a kwaɓin da zai ba ki guda takwas. Idan ya ci uku ya cinye giram 10, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rabonsa, tun rana ba ta ɗaga ba. Da nawa garin, guda uku ba sa wuce giram ɗaya, kuma suna ba shi kalori sama da 400. Giram tara ɗin da na tsirar su ne nake mayar masa da rana a ɗan kifi ko ƙwai, abin da yake marmari kuma jikinsa ya fi amfana da shi.

Kafin ki ɗauko rariya, ki tabbata wannan abinci na majinyacinki ne. Wanda ya riga ya fara wankin ƙoda furotin ake ƙara masa, giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo, domin injin yana ɗebe wani a duk zama. Idan kika rage masa kin cuce shi. Mai ciwon suga kuma, sitaci zalla yana ɗaga suga da sauri, kuma da yawa daga masu ciwon ƙoda suga ne ya jawo musu, don haka sai likita ya ga wannan haɗin ya amince. Yara masu lafiya, mai ciki da mai shayarwa duk suna buƙatar furotin ɗinsu cikakke. Su ɗanɗana ba laifi, amma kada ya zama abincinsu. Ni dai ban canja ko cokali ɗaya ba sai da na kai wa jami'ar nan takardar awon ta duba.

Sirrin garin shi ne a maye fulawa da sitaci. A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Garin masara da muke tuwo da shi ba shi ne sitacin masara ba. Garin tuwo yana da furotin giram 7 zuwa 9 a cikin giram 100. Sitacin masara kuwa, wannan farin mai ƙara a tsakanin yatsu da ake sayarwa a kantin kayan kek da sunan kwanfulawa, bai kai rabin giram ba. Haka gasarar koko, duk da an tace ta, furotin ɗin hatsin yana nan a cikinta. Rogo ma haka: alabo da garin kwaki daban, sitacin rogo daban. Alabo bai da furotin sosai, amma yana riƙe da fotasiyam da yawa, shi kuwa mai ciwon ƙoda ana sa ido a kan fotasiyam ɗinsa saboda bugun zuciya. Sitaci da aka wanke ya kwanta ya rabu da mafi yawan wannan.

Sitacin rogo ni nake yin abina. Nakan feraye rogo, in goga, in zuba ruwa in cuɗa sosai, in tace da tsumma mai tsabta, in bar ruwan ya kwana. Da safe farin ya kwanta a ƙasa kamar alli. In tsiyaye ruwan sama, in zuba sabo in dama, in sake bari ya kwanta, har sau uku. Sannan in shanya a faranti a rufe da mayafi mai shara-shara har ya bushe ƙayau, in murje in tankaɗe. Wankin nan kada ki yi masa gaggawa, shi ne ke fitar da ɗacin rogo mai cutarwa. Idan saye za ki yi, ki faɗa wa mai kanti na ci kike so. Sitacin da ake sa wa shadda ba na baki ba ne, wani ana zuba masa turare da wasu sinadarai.

Ga awon da na tsaya a kansa bayan na gwada iri-iri. Yana ba da kwaɓi huɗu:

Sitacin masara giram 300
Sitacin rogo giram 150
Garin farar shinkafa giram 100
Garin kastad giram 50
Sukari giram 60
Bekin soda cokalin shayi ɗaya da rabi, a shafe
Garin kirfa ko citta rabin cokalin shayi

Ki sayi ɗan sikelin kicin mai batir. Na san mun saba da gwangwani da ludayi, amma sitaci yana danƙarewa, gwangwanin yau ba zai yi nauyin na gobe ba, kuma a wannan girki lissafin shi ne maganin.

Garin shinkafar nan shi ne kusan duk furotin ɗin da ke cikin haɗin, giram 6 zuwa 7. Na taɓa cire shi gaba ɗaya, sai fankek ɗin ya fito yana talala kamar ƙaro, Baba ya tauna ya tauna ya ajiye. Ɗan garin shinkafa ne ke ba shi jiki irin na abinci. Ki wanke shinkafar, ki shanya, ki niƙa. Idan inji za ki kai, ki roƙi mai injin ya kakkaɓe shi tukuna, domin sau da yawa wake ko alkama aka gama niƙawa. Kastad kuma kusan duk sitacin masara ne da launi da ƙamshi, shi ke ba da ɗan rawayan da ƙwai ya saba bayarwa. Ki karanta jikin robar, ki guji wanda aka haɗa da madara.

Za ki lura ban sa bekin fauda ba, kuma da gangan ne. Yawancinsa ana yin sa da sinadarin fosfet. Ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da fosforas yadda ya kamata, sai ya taru a jini, ya jawo ƙaiƙayi, ya raunana ƙashi, ya sandarar da jijiyoyin jini. Fosforas ɗin da ke cikin hatsi jiki ba ya shan ko rabinsa, amma wanda masana'anta ke zubawa kusan duka yake shanyewa. Saboda haka na koma bekin soda da lemon tsami, su biyun idan suka haɗu suna ba da iskar da ke tayar da kwaɓi. Sodan ma ba a sakin hannu da shi, cokalin shayi ɗaya yana ɗauke da sodiyam fiye da miligiram 1,200, alhali a yini ba a son Baba ya wuce 2,000. A awon da na ba ki, kowane fankek yana da wajen 75. Shi ya sa babu gishiri a garin ko ƙwaya. Kada ki ce za ki maye sodan da kanwa, ba wanda ya san adadin gishirin da ke cikin kowane dunƙule. Kuma ki yi nesa da gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini, domin da fotasiyam aka maye sodiyam ɗinsa. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mana shi da kyakkyawar niyya, Allah Ya sa na karanta jikinsa kafin in buɗe.

Ki zuba komai a babbar roba ki tankaɗe sau uku, ba don tsakuwa ba, don sodan ya ratsa ko'ina. Idan ya taru a wuri guda, wani fankek ɗin zai yi ɗanɗanon sabulu, wani kuma ya ƙi tashi. Ki raba gida huɗu, giram 165 kowanne, ki ƙulle a leda, ki jera a roba mai murfi, ki rubuta kwanan wata. A lokacin sanyi yana yi mini wata biyu lafiya. Da damina ba na barin sa ya wuce wata guda, domin sitaci yana jan laima, soda kuma idan ya sha laima ƙarfinsa ya tafi.

Yanzu kwaɓin, kuma a nan nake so ki natsu. Idan kika zuba ruwa a sitaci kai tsaye za ki ga abin mamaki: ki danna da cokali ya yi tauri kamar dutse, ki sake shi ya narke ya malale, ki bar shi minti biyu sitacin ya kwanta ruwa ya taso. A fulawa, furotin ɗin alkama ne ke riƙe kwaɓi, ƙwai kuma ya ɗaure shi. Mun cire su duka biyu, dole a samo mai riƙewa. A ƙasashen waje wani gari suke sawa mai suna zantan gam, ni kuwa na yi yawon kantuna ban samu ba. Mafitar daga koko ta zo mini. Wata safiya ina dama wa yara, na ga yadda tafasasshen ruwa ke mayar da gasara abu mai kauri da danƙo, sai na ce ai ga abin da nake nema.

Ki ɗebi sitacin rogo babban cokali ɗaya a cike, kamar giram 10, daga wanda ba a haɗa da soda ba. Ki dama shi da ruwan sanyi mililita 100 a ƙaramar tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa. Cikin minti biyu zai tashi daga fari ya koma garai-garai yana yauƙi. Ki sauke ki bar shi ya huce har ki iya sa yatsa. Idan kika zuba shi da zafi zai tayar da sodan tun kafin lokaci. Sai ki juye leda ɗaya ta garin a kwano, ki zuba wannan talgen, da mai babban cokali biyu, da ruwa babban cokali huɗu. Ki buga da maburgi. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, ki ci gaba. Ki riƙa ƙara ruwa cokali-cokali har ya yi kaurin ƙullun waina, wanda ke zuba daga ludayi a hankali ba tare da tsinkewa ba. Yawanci cokali shida ke isa ta, amma sitacin wani ya fi na wani sha. Ki bar shi minti goma garin shinkafar ya jiƙa.

Man gyaɗa nake sawa, kuma kada sunan ya tsorata ki. Gyaɗa tana da furotin da yawa, ƙuli-ƙuli ma kusan rabinsa furotin ne, amma man da aka tatse ba shi da ko kaɗan. Ranar Juma'a nakan sa soyayyen man shanu don ƙamshi. Abin da ba na sawa shi ne farin garin nan da ake zubawa a shayi a madadin madara, domin yawancinsa akwai fosfet da fotasiyam a ciki. Ruwa ya wadatar.

Lemon tsamin shi ne na ƙarshe, kuma sai kasko ya yi zafi. Babban cokali ɗaya da rabi, ko ruwan khal daidai wannan awo. Kina zubawa za ki ga kwaɓin ya yi kumfa ya taso. Ki juya sau uku ko huɗu kawai ki fara suya nan take, domin iskar ba ta jira. Ki shafa mai a kasko mara kamu, wuta matsakaiciya, ludayi ɗaya a tsakiya, ki rufe da murfi. Bayan kamar minti biyu za ki ga ƙofofi sun buɗe a sama, gefen ya daina sheƙi. Ki juya, ki ba shi minti ɗaya da rabi. Kwaɓi ɗaya yana ba da guda shida.

Kada ki jira ya yi ja irin na fulawa. Jan da kike gani a burodi da kek haɗuwar furotin da sukari ne a kan wuta, mu kuwa mun kori furotin. Wannan zai tsaya a rawaya mai haske da 'yan ɗige-ɗigen ruwan ƙasa. Na ɓata da yawa a farko ina jiran launi, har suka bushe suka yi tauri. Ki danna tsakiya da yatsa, idan ya dawo ya nuna.

Waful kuwa, wato wanda ake gasawa a injin nan mai gidaje-gidaje kamar saƙar zuma, wannan garin ya fi dacewa da shi fiye da fankek a ganina. Sitacin rogo yana ba da ɓawo mai ƙaras-ƙaras wanda fulawa ba ta kai shi ba. Ki ƙara man ya zama cokali uku, ki rage ruwa cokali ɗaya. Ki bar injin ya yi zafi sosai, ki shafe sama da ƙasa da mai har cikin lunguna, ko da an ce ba ya kamu. Bayan kin rufe kada ki leƙa. Ki jira har tururin da ke fita ta gefe ya kusa ɗaukewa, minti biyar zuwa shida. Idan kika buɗe da wuri rabewa zai yi biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, sai kankara. Ki ɗora shi a kan raga ya sha iska, a faranti gumi yake yi ya saki.

Ranar da babu wuta, tanda nake ɗaukowa. Ɗan mai a kowane gida, kwaɓi rabin gida, in juya da cokali kamar waina. Gaskiya wannan ne Baba ya fi so. Ran da na fara kai masa ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce, "Yau kuma waina aka yi mana?" Ya ci biyar. Na koma kicin na yi kuka, domin rabon da in ga ya miƙa hannu ya ƙara abinci an yi wata uku.

Tun daga nan nakan yi masa mai yaji ma. Idan zan haɗa gari, nakan ware kashi ɗaya babu sukari babu kirfa, in yanka albasa ƙanana da ɗan attarugu a kwaɓin, ba magi ba gishiri. Albasar ta soyu a gefe ta ba da ɗanɗanon da ke rufe rashin gishirin.

Abin da za a ci da shi ma yana cikin lissafi. Zuma cokali ɗaya, ko tuffa da aka dafa da kirfa har ta yi laushi, ko 'yan yankan abarba. Ayaba, dabino da ruwan kwakwa suna da fotasiyam da yawa, ba na kawo su kusa sai gwajin wata ya nuna akwai sarari. Tunkuza da cakulan ba sa hawa tirensa. Shayin kuma ba madara, kuma idan likita ya ƙayyade ruwan da majinyaci zai sha a yini, kofin shayin nan yana cikin ƙirge.

Da zafinsa ake ci. Abin da aka yi da sitaci yana saurin yin tauri idan ya huce, bayan awa biyu sai ki ji shi kamar roba. Idan ya ragu ki jera da leda a tsakani ki sa a firiza, ba firji ba, sanyin firji ƙara masa tauri yake. In za a ci, ki yayyafa ɗan ruwa ki ɗumama a kasko a rufe. Kwaɓin da aka riga aka sa wa lemon tsami ba ya ajiyuwa, don haka idan mutum ɗaya za ki yi wa, ki raba komai biyu tun farko.

Daga baya na gane ba ni na fara wannan tunani ba. A Italiya tun shekarun 1960 likitoci irin su Jodano da Jobaneti suka fara kula da masu ciwon ƙoda da abinci mai ƙarancin furotin, kuma har yau a can ana sayar da taliya da burodi na sitaci a kantunan magani. Akwai kuma yaran da ake haifa da cutar da ake kira PKU, wadda wani likitan ƙasar Nowe mai suna Folin ya gano a 1934. Jikinsu ba ya iya sarrafa wani ɓangare na furotin mai suna fenilalanin, idan ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. A Ingila ana ɗibar jini a diddigen jariri yana kwana biyar don a gano ta, kuma likita na rubuta musu irin wannan gari kamar yadda ake rubuta magani. Idan mai irin wannan yaro ce ke karantawa, ƙa'idarku ta fi tamu tsauri: garin shinkafar nan sai an ƙirga shi cikin rabon yaron ko a maye shi da sitaci, kuma duk abin zaƙin da aka yi da asfatem, wato wani sinadarin da ake sawa a madadin sukari, haramiyarsa ne. Ki kai awon ga masu kula da shi kafin ki gwada.

Mu a gidanmu sau uku ko huɗu a mako nake yi, sauran ranakun a canja da wani abu don kada ya gundure shi. Ina da ɗan littafi a saman firji inda nake rubuta abin da Baba ya ci da giram nawa ne, da nauyinsa duk safiyar Asabar kafin ya karya. Littafin nake ɗauka duk ranar asibiti, in miƙa wa jami'ar abinci tare da sakamakon gwajin jini, ita kuma ta faɗa mini abin da zan ƙara ko in rage a watan da ke tafe.